Za ka canja fiyano: wanne za ka hau, kuma a shago za ka saya ko ta intanet?

Duk wanda ya ɗan jima yana bugun ƙaramin fiyano irin su PSR-E363 ko E463 na kamfanin Yamaha ya san akwai lokacin da kunne yake fara ƙin sautin, mawaƙi ya ce maka a ƙara wa kiɗan nauyi ka lalubo ko'ina ka ga babu inda za ka ƙaro, ko ka je wajen biki a haɗa ka da manyan sifiku sai ka ji sautin ya zama siriri. Daga nan tunanin canji yake farawa, kuma tambaya biyu ce take tasowa tare, wane inji zan hau, sannan a ina zan saya. Fiyanon da nake magana a kai shi ne mai bin mutum da kiɗa, ka danna kod, wato 'yan maɓallai a haɗe, da hannun hagu ganga da bes su biyo ka, irin wanda sitidiyoyin Kano da coci-coci na Kaduna da Jos suka daɗe suna aiki da shi.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, inda za ka saya ya fi wanda za ka saya haɗari. Yamaha da Korg duk injinan kirki suke yi, da wuya ka ɗauki ɗaya daga cikin matsakaitan nasu ka yi nadama sosai. Kuɗin mutane a hanyar sayen suke salwanta.

Abin da za ka auna kafin komai

Na farko kuɗi, amma ba kuɗin da aka rubuta a jikin talla kaɗai ba. Ka haɗa da kuɗin mota ko na jirgi, kwastan idan daga waje ne, jaka, teburin ɗorawa, feda ta takawa da ƙafa, da siteblaiza ko UPS, domin ba hankali ba ne ka kashe miliyoyi a inji sannan ka soka shi kai tsaye a janaretan gidan biki. Na biyu ƙarko, kuma a nan ƙasar ƙarko yana nufin ƙurar hunturu, zafin watan Afrilu, wuta mai hawa da sauka, da jijjigar bayan adaidaita sahu. Na uku sauƙin aiki, wato kwana nawa za ka yi kafin hannunka ya saba, kuma idan ya lalace akwai mai gyara da kayan gyara kusa da kai ko sai an aika Legas. Na huɗu haɗari, damfara ko jabu ko fashewa a hanya.

Akwai na biyar da mutane suke mantawa, kuma ni a wajena ya kusa fin duka, shi ne sitayil, wato shiryayyen bugun da injin yake bin ka da shi, da sautukan da ka riga ka tara a filash. Sitayil ɗin Yamaha ba ya hawa Korg kai tsaye, na Korg ma ba ya hawa Yamaha. Idan ka shekara kana tara bugun kalangu da na mandiri da ka gyara da hannunka ko ka saya wajen abokan sana'a, toh ranar da ka canja kamfani kusan daga farko za ka sake. Amma daga tsohon Yamaha zuwa sabon Yamaha yawancin sitayil suna buɗewa, sai dai ka ɗan daidaita sautukan.

Injinan da ake zaɓa a tsakani

PSR-E473 na Yamaha yana sama-sama a cikin ƙananan. Maɓalli 61, sauti 820, sitayil 290, yana da wajen soka makirfo, nauyinsa kilo 7 ne kuma yana aiki da batir AA guda shida, wannan kuwa babban abu ne ga mai zuwa ƙauye inda babu wuta. A waje kuɗinsa bai kai dala 500 ba. Sai dai gaskiya idan E463 ce a hannunka wannan ba hawa ba ne sosai, za ka ɗan ji bambanci amma bayan wata shida matsalar da ta sa ka canja tana nan, saboda sitayil kaɗan yake karɓa daga waje kuma ba za ka zuba masa manyan fak na sauti ba, wato ƙunshin sautukan da ake ƙara wa inji daga waje.

Hawa na gaskiya daga PSR-SX600 yake farawa, wanda ya fito a 2020. Sitayil 415, yana iya fitar da sauti 128 a lokaci guda don haka kiɗa ba ya yankewa idan ka cika shi da kaya, yana da memori 100MB na zuba sababbin sautuka, nauyinsa kilo 8 da ɗan ɗoriya. Sikirin ɗinsa ƙarami ne kuma ba a taɓa shi da yatsa, da maɓallai ake yawo a ciki. Wasu suna raina shi saboda haka, ni kuwa ina ganin a wajen mai yawon biki cikin ƙura wannan ba aibi ba ne, abu ɗaya ne ya ragu cikin masu lalacewa. Kuɗinsa a waje wajen dala dubu ne. Inda yake gazawa shi ne 100MB ɗin nan, da ka zuba fak biyu masu nauyi ya cika.

Sama da shi akwai SX700 da SX900 na 2019, sai magadansu SX720 da SX920 da suka fito a 2024. Duka suna da sikirin inci 7 na taɓawa, da ɗan sandan lanƙwasa sauti wanda yake taimakawa sosai idan kana kwaikwayon algaita ko sarewa. Memorin zuba sauti a SX700 400MB ne, a SX900 1GB, SX720 ma 1GB, SX920 kuma 2GB. Na 900 da 920 suna da abin da yake yi wa muryar mawaƙi amshi, ka rera ɗaya ya ƙara maka muryoyi a kai bisa kod ɗin da kake dannawa. Nauyi kuwa ya haura kilo 11, ka tuna da wannan idan a babur kake zuwa aiki. Kuɗi daga wajen dala 1,500 ne zuwa sama da dala 2,000. Manyan injinan Yamaha, Genos na 2017 da Genos2 na 2023, ban ma sa su a lissafi ba, sun haura dala dubu da yawa kuma ba su da sifika a jiki, wanda ya kai nan ba ya buƙatar shawarata.

A ɓangaren Korg, Pa700 da Pa1000 na 2017 su ne abokan karawar waɗannan, ga kuma tsohuwar Pa600 da har yanzu ake samu na hannu. Abin da nake so da Korg shi ne kana iya ɗauko sautin da ka naɗa, misali ka kawo makaɗin kotso na gaske sitidiyo ya buga maka bugu ɗaiɗai, ka zuba a injin ka yanka ka shimfiɗa a kan maɓallai duk a jikinsa. A Yamaha sai ka bi ta kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager ka haɗa fak sannan ka kawo a filash. Amma Korg yana da wuyar koyo, menu cikin menu, kuma a arewa masu Yamaha sun fi yawa nesa ba kusa ba, don haka wanda zai ba ka sitayil ko ya nuna maka abu ko ya gyara maka ya fi sauƙin samu idan Yamaha ka riƙe. Casio CT-X5000 da Roland E-X50 suna nan ga mai ƙaramin ƙarfi, sautinsu ba laifi, sai dai ranar da za ka sayar za ka sha wahalar samun mai saye.

Kar kuma ka raina tsofaffin Yamaha, S670 da S770 da S970 na 2015, ko S775 da S975 na 2018. S975 mai lafiya har gobe tana cin kasuwa a sitidiyo.

Yanzu maganar inda za a saya

Shagon gari. Ko a Sabon Gari ne a Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko ka niƙi gari har kasuwar Alaba a Legas inda manyan dilolin kayan sauti suke. Kuɗi a shago yakan ɗara na talla a intanet, saboda mai shago yana biyan haya kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa da kuɗin dalar gobe yake sa farashi ba na jiya ba. Amma ana ciniki, kuma sau da yawa abin da ba a rage maka a kuɗi ba za ka iya karɓa a kaya, ka ce a haɗa maka da jaka ko feda ko tebur. Wasu ma suna karɓar tsohon naka a yi musaya ka cika, duk da za su karya masa daraja, idan ba ka cikin gaggawa gara ka sayar da kanka.

Babban abin da shago yake ba ka shi ne hannunka da kunnenka a kan injin kafin kuɗi su fita. Ka je da filash ɗinka da hedfon ɗinka, kar ka yarda da waƙar gwaji da take cikin injin domin an shirya ta ne don ta burge. Ka sa sitayil ɗin da kake aiki da shi kullum ka ji yadda ya fito. Idan sabo ne a buɗe kwalin a gabanka, ka duba siriyal lambar da ke ƙasan injin ta yi daidai da ta jikin kwali, a rubuta ta a rasit, kuma ka tambayi mai shago baki da baki, Alhaji idan ya samu matsala cikin wata uku wa zan kawo wa, kai ko kamfani, sannan abin da ya faɗa a rubuta. Garantin baki ba ya aiki ranar rigima. Akwai jabu a kasuwa musamman a ƙananan samfura da adafta, wani lokaci inji na asali ne amma an zare adaftarsa an sa ta banza, ka ɗaga ta ka ji nauyinta ka karanta rubutun jikinta.

Matsalar shago ita ce zaɓi kaɗan ne. Za ka je neman SX720 a ce maka babu amma ga wannan ya fi shi, kuma mai shago abin da ke kan kantarsa zai yaba. Idan ka riga ka yanke shawara daga gida kar a juya ka.

Jumia da Konga. Sabon kaya ne, farashi a rubuce, ana kawowa gida, kuma akwai damar mayarwa cikin 'yan kwanaki idan ya zo da matsala. Ga ƙananan fiyano hanya ce mai kyau. Amma ka sani yawancin kayan na 'yan kasuwa ne daban-daban da suke sayarwa ta dandalin, don haka ka duba wane ne mai sayarwar da abin da masu saye suka rubuta a kansa, kuma ranar da kaya ya iso ka ɗauki bidiyon buɗe kwalin tun daga yanke salatif ba tare da ka tsayar ba. Manyan injina ba kullum ake samunsu a can ba.

Jiji da Facebook da guruf-guruf na WhatsApp. A nan araha take, a nan kuma ake kuka. Jiji allon talla ne kawai, ba ya riƙe maka kuɗi, tsakaninka da mai kaya ne. Salon damfarar kusan iri ɗaya ne, za ka ga SX900 a rabin kuɗinta da hotuna masu kyau, ka kira a ce maka ana Legas ko Fatakwal, akwai wani ma da yake so yanzu-yanzu, ka turo rabi ko ka turo kuɗin mota a sa maka a tasha. Da ka tura shi ke nan layi ya mutu. Ni dokata a nan guda ce, intanet wajen nemo kaya ne, biya kuwa sai an haɗu. Idan kayan yana wani gari ka nemi ɗan'uwa ko abokin sana'a da ya san fiyano ya je ya gani, ka biya shi ladan wahalarsa, ya fi maka arha a kan asara. Kiran bidiyo yana taimakawa, ka ce ya rubuta sunanka a takarda ya ɗora a kan injin ya kunna ya buga, amma ko wannan bai kai zuwa da ƙafa ba.

Idan kun haɗu, ga yadda ake duba na hannu, kuma kar ka ji kunyar ɓata wa mai kaya lokaci. Ka sa sautin fiyano zalla ka bi maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka taɓa a hankali sannan ka buga da ƙarfi. Wanda ya yi shiru, ko wanda ka taɓa a hankali ya yi ƙara da dukkan ƙarfinsa, yawanci robar da ke ƙarƙashinsa ce ta ci ƙura ko ta gaji, wannan gyara ne mai sauƙi kuma dalili ne na neman ragi. Amma sikirin mai layi-layi, ko wanda ka taɓa nan ya amsa can, ko inji mai ɗaukewa da kansa, wannan ka bar shi ko nawa aka rage. Ka soka wayar sifika a wajen fitar sauti na hagu da dama ka ɗan girgiza ka ji ko yana ƙarar tsatsa, ka soka filash ka yi sabin wani abu ka sake buɗewa, ka ƙure bes ka saurari sifikun ko suna rawa. Ka juya shi ka kalli kan kusoshin, idan sun sha sukundireba an taɓa buɗe shi, ka tambaya me aka gyara. Sannan ka bar shi a kunne yana kiɗa kamar rabin awa, saboda wata matsalar sai inji ya ɗau zafi take fitowa.

Wani abu kuma da ya shafi Yamaha na hannu. Mai kaya zai ce maka ai cike yake da sautukan Hausa, ya ƙara kuɗi a kan haka. Toh ka nemi ya ba ka ainihin fayilolin fak ɗin a filash, domin duk ranar da ka zuba sabon fak, abin da ke cikin memorin nan gogewa yake yi a maye gurbinsa, kuma wasu fak ɗin na saye a kulle suke da lambar inji guda. Idan ba ka da asalin fayil, sautukan da ka biya kuɗi dominsu za su tafi.

Sayowa daga waje. Shagon kayan kiɗa na Thomann a Jamus yana ba da kwana 30 na mayarwa da garantin shekara 3, ga Amazon da eBay, kuma farashin da za ka gani zai ja hankalinka. Amma ka yi lissafi har ƙarshe. Kwalin fiyano ya fi mita ɗaya tsawo, kamfanonin jigila kuma suna caji ne da girman kwali idan ya fi nauyinsa, ga kuɗin kwastan, ga harajin VAT na kashi 7.5, ga wahalar biyan dala da katin banki. Wasu shagunan ma ba sa turo kayan wasu kamfanonin zuwa Najeriya sam. Garantin nan mai kyau kuwa idan za ka mora sai ka mayar da injin can. Idan daga Amurka ne ka karanta jikin adaftar, wutarsu 120 ce tamu 230, in ba ka ga an rubuta 100-240V ba kar ka soka. Hanyar da na ga tana yin kyau ita ce idan kana da wanda zai dawo gida ya riƙo maka, shi ma ya tambayi kamfanin jirgi tukuna saboda kwalin ya wuce girman jakar da aka saba.

| Hanya | Kuɗi | Gwaji kafin biya | Idan ya lalace | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Shagon gari | ya ɗan ɗara, ana ciniki | akwai | ka san inda za ka koma | kaɗan, sai jabun adafta |
| Jumia ko Konga | matsakaici | babu | mayarwa cikin 'yan kwanaki | matsakaici |
| Jiji, Facebook, WhatsApp | mafi arha | sai in kun haɗu | naka ne | babba in ka fara turawa |
| Daga waje | arha a talla, tsada a isowa | babu | da wuya | fashewa a hanya, kwastan |

Toh wa ya dace da me

Idan kai mai yawon biki ne, yau kamu gobe dina jibi wani gari, SX600 sabo daga shago nake ba ka shawara, ko S775 ta hannu da ka gwada da kanka, ragowar kuɗin ka sa a jaka mai kauri da siteblaiza. Inji mara nauyi da za a iya gyarawa a garinku ya fi maka wanda ya fi shi sauti amma kana tsoron fita da shi.

Mai sitidiyo da yake son tara sautukan gargajiya masu yawa, memori ne damuwarka, don haka SX720 ko SX900 ta hannu mai lafiya, in da hali SX920. Idan kana da haƙurin koyo kuma kana son naɗar kayan kiɗanka da kanka, ba ka kuma tara sitayil ɗin Yamaha da yawa ba, Pa700 za ta yi maka. Kuɗi irin wannan a shago ake kashe su ko hannu da hannu.

Idan na coci ne ko ƙungiya, kuɗin jama'a ne, a sayi sabo a shago da rasit mai siriyal lamba ko da ya fi tsada, saboda hannaye da yawa za su taɓa shi kuma wata rana za a tambayi wanda aka aika. SX700 ko SX720 sun isa, sai in ana son amshin murya a hau 900.

Wanda yake koyo har yanzu ko yake zaune inda wuta ba ta samuwa, E473 mai batir ta wadatar, kuma ita kam ana iya sayenta ta Jumia ko Konga ba tare da fargaba mai yawa ba in an duba mai sayarwa. Wanda kuma E463 ce a hannunsa kuma kuɗinsa bai kai SX600 ba tukuna, ya ci gaba da tarawa, ya riƙa leƙa Jiji yana neman S670 a garinsu inda zai iya zuwa da filash ɗinsa ya zauna a gabanta rabin awa.